Tukunyar Farko ta Jummai

Ba zan ɓata muku lokaci da koke-koken rabuwa a tashar Zuru ba, duk wanda ya taɓa barin gida ya san yadda ake yi. Labarina ya fara ne ranar da na taka ƙasar Ingila da takalmin roba, 'yata Jummai a hannun dama, jakar daddawa da busasshen kifi a hannun hagu. Bayan yaƙin basasa ne da 'yan shekaru. Maigidana Dantani soja ne, kamar rabin mazan garinmu. A sashen sadarwa yake, sai aka tura shi koyon aikin wata na'ura da ake ce wa kwamfuta. Ya riga mu tafiya da 'yan watanni, sannan ya sa aka yi mana takardu muka bi shi.

Zangon farko shi ne filin jirgi, kuma a nan aka yi mini maraba da cuta. Ina tsaye ina rarraba ido ban ga Dantani ba, sai ga wani baƙar fata kamarmu, cikin kwat mai kyau, ya ce mini "sannu". Ashe ita kaɗai ce Hausarsa. Ni kuwa da na ji kalmar gida, sai na saki jiki. Da ɗan Turancina na makarantar mishan na fahimci wai oga, wato maigidana, ne ya aiko shi. Ya karɓi jakar don ya rage mini kaya, ya ce in jira shi zai kawo mota. Har yau bai kawo ba. Da Dantani ya iso yana haki, na ba shi labari ina hawaye, sai ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Ya ce shi ɓarawon yake tausaya wa, idan ya kulle ɗaki ya buɗe jakar nan yana tsammanin gwal. Na ji haushin dariyar a lokacin, amma cikin jirgin ƙasa ni ma sai da na dara.

Zango na biyu wani gari ne can arewacin ƙasar, garin masaƙu da dogayen bututun hayaƙi. Gidajen jan bulo ne a manne da juna, ba tsakar gida, ba zaure, ba inda mace za ta shimfiɗa tabarma ta ga sama. Muka kama ɗaki a benen wata gwauruwa, Misis Doti, wadda ba ta son ƙamshin albasa, ba ta son ƙarar turmi, ba ta son a yi dariya bayan an ci abincin yamma. Sanyi kuwa ba a magana. Rana takan leƙo kamar baƙuwa mai kunya, kafin ka ce mata sannu da zuwa ta koma.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne Jummai.

A gida, mahaifiyata, wadda nake kira Inna, Rediyo take ce wa yarinyar nan. Tun asuba take kamawa, ba ta kashewa sai barci ya sace ta. A bariki muka haife ta, Hausa ce bakinta, amma duk rani nakan kai ta Rikoto, can gidanmu a Zuru, wurin Inna. Inna maginiyar tukwane ce, haka uwarta, haka kakarta. Ni ce na karya layin da na auri soja. Akwai wata al'ada a gidanmu: idan yarinya za ta gina tukunyarta ta farko, babba zai riƙe mata hannu, kuma ba a ɗora wa tukunyar wuya sai yarinyar ta kira sunan wanda zai sha ruwa a ciki, da ƙarfi, kowa ya ji. Tsofaffi sun ce in ba a kira suna ba, tukunyar fashewa za ta yi a wuta. Jummai ta ga an yi wa 'yan'uwanta, ta yi ta naci, Inna ta yi mata alkawarin rani mai zuwa. Kafin ranin ya zo mun bar ƙasar.

Da muka iso, yarinya ta ci gaba da halinta na gida. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ta rusuna ta gaishe shi, da Hausa, da guntun Turancin da ubanta ya koya mata. Mai kawo madara, direban bas, tsofaffi masu jan karnuka, ba ta bar kowa ba. Wasu su kalle ta su kau da kai, wasu su ƙara sauri. A makaranta kuma yara suka riƙa kwaikwayon maganarta suna dariya. Ina gani gaisuwar ta fara raguwa. Ta daina gaida mutanen titi, ta daina magana a aji, daga baya ta daina yi wa ubanta oyoyo. Wata safiya na tambaye ta ko za ta sha shayi, ta gyaɗa kai kawai, kuma daga ranar ban sake jin muryarta ba. Muka kai ta asibiti, likita ya duba kunne da maƙogwaro ya ce lafiyarta ƙalau, kewar gida ce. Na ce a raina, in kewar gida na hana magana, ai da ni ma na zama bebiya.

A wannan tsakanin ne Allah ya haɗa ni da Ngozi. Ina gidan wanki na inji, injin ya haɗiye zanina ya ƙi buɗewa, na tsaya ina zazzaga masa masifa da Hausa. Sai na ji wata mata a bayana ta ce, "Madam, ke 'yar ina ce?" Na juya na ga wata doguwa cikin kayan nas. Na ce Zuru. Ta jefar da kwandonta ta rungume ni. Ashe ubanta ne mai shagon kwanuka da fitilu kusa da kasuwa, wanda ya bar garin lokacin tashin hankalin da ya jawo yaƙin basasa. A Zuru aka haife ta, ta san Rikoto, ta san motar Dirin Daji da ba ta tashi sai an tura. Muka zauna a kan bencin gidan wankin muna lissafa mutanen da muka sani, muna kuka muna dariya, Turawa na kallonmu.

Ngozi ce ta koya mini zaman garin. Ita ta samo mini rigar sanyi ta gwanjo, ita ta nuna mini yadda ake soya albasa da taga a buɗe don kar Misis Doti ta hau bene. Da na ce mata ina marmarin kunu, ta ja ni har wani shago mai cike da kejin tsuntsaye, ta nuna mini buhun gero. A ƙasar nan abincin kanari ne. Mai shagon ya tambaye ni tsuntsaye nawa gare ni da nake sayen wannan uban yawa, Ngozi ta ce masa uku ne, ɗaya ma soja ne. Na dama kunu ranar, Jummai ta shanye kofi ta miƙo a ƙara, amma ba ta ce uffan ba.

Da abin ya daɗe, Dantani ya yanke shawara. Wani abokin aikinsa, Sajan Manga, ya gama kwas zai koma gida da matarsa a ƙarshen wata. Ya ce a haɗa su da Jummai su kai ta wurin Inna, tunda mu da sauran fiye da shekara. Da C'lela, yarenmu na gida, muka yi maganar a gabanta, don mun saba in ba ma son ta ji abu sai mu juya harshe. Na ce ban yarda ba. Ya ce in ba shi wata dabarar. Ba ni da ita. Na san gaskiya ya faɗa, yarinya na ƙarewa a gabanmu, amma tunanin in kwana a ɗakin nan ba numfashinta kusa da ni ya fi ƙarfina. Na yi fushi da shi, na daina yi masa magana sai dole, gidan ya zama na bebaye biyu.

Asabar ɗin ƙarshe kafin tafiyar, Ngozi ta ce mu fita da yarinya ta ga gari, kar ta koma gida ba abin tunawa sai ɗakin Misis Doti. Akwai wani gidan tarihi a tsohuwar masaƙa, ranar Asabar iyaye kan kai 'ya'yansu. Dantani ya yi murna, don ya ji an ajiye kwamfuta a can, yana so mu ga abin da ya raba shi da gida. Ni kuwa na shirya ne kamar mai zuwa ta'aziyya. A bakin ƙofa na durƙusa na ja wa Jummai kunne: kayan Turawa ne, kayan gwamnati, ta sa hannu a baya, kar ta taɓa komai.

Muna shiga na ga abin mamaki. Yara ne ko'ina, suna ja, suna murɗawa, suna hawa, iyayensu na tsaye suna murmushi. Na ce wa Ngozi 'ya'yan Turawa ba su da tarbiyya. A ɗakin farko akwai wata tsohuwar masaƙa mai jerin katuna masu huji-huji a rataye. Wani saurayi ma'aikacin wurin ya nuna yadda hujin ke gaya wa zare inda zai bi, ana juya hannu fure na fitowa a jikin ƙyalle. Dantani ya kama bayani kamar shi ya ƙera ta, wai kakar kwamfuta ke nan. Na ce to, Allah ya ja zamanin kaka.

Jikar kuma, wato kwamfutar, tana ɗaki na gaba: akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum, da wani keken rubutu a gabansu. Yaro zai danna haruffan sunansa, injin ya huda wata doguwar takarda siririya. A mayar masa da takardar, sai ya kama buga sunan da kansa, ba hannun kowa, har ya zana kyanwa da haruffa a ƙasa. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta kamo hannun Jummai za ta ɗora a kan injin. Ban san lokacin da na fizge hannun na buge shi ba. Matar ta yi sororo. Ngozi ta fashe da dariya, ta juya ni ta nuna mini allon da ke bango, ta karanta mini: ana roƙon baƙi su taɓa. Ban taɓa jin inda gwamnati ke roƙon mutum ya taɓa kayanta ba. Kunya ta kama ni, na ce wa yarinya ta taɓa. Ta danna harafi ɗaya, injin ya yi ƙara, ta mayar da hannunta baya. Ubanta ya ƙarasa mata sunan, ya rataya mata takardar a wuya kamar sarƙa, ya durƙusa yana jiran ta ce wani abu. Ta dube shi kawai. Na ga yadda fuskarsa ta faɗi, sai fushin da nake yi da shi ya ragu.

Ɗakin tarihi ne ya fara ba ni dariya. An jera kayan mutanen da: fitilar aci-bal-bal, dutsen guga na gawayi, guga da igiya, da dutsen niƙa. Wato abin da na baro Inna na aiki da shi a Rikoto, a nan ya zama tarihi har da mai gadi. An zuba alkama yara su gwada niƙa. Na ga dutsen ya ba ni sha'awa, na gyara zani na durƙusa. Hannu bai manta ba, baki ma bai manta ba, sai na ji ina rera waƙar niƙa ƙasa-ƙasa. Yara suka kewaye ni, kowa na so in riƙa masa hannu, har wani ƙaton Bature mai gemu ya durƙusa ya gwada, gari ya bule masa wando. Ina ɗaga kai na ga leɓen Jummai na motsi tare da waƙar. Sauti bai fito ba, amma na gani.

Daga nan muka bi yara zuwa ɗakin zane da gini. Tun daga ƙofa ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya tare ni, na tsaya cak, don ƙamshin bayan ɗakin Inna ne sak. Wata tsohuwar Baturiya mai rigar aiki duk taɓo tana yanka yumɓu da waya tana raba wa iyalai a kan tebura. Ta ba mu namu curin. Toka-toka ne, sumul, ba tsakuwa ko ɗaya. Na zauna a kujera na gwada, abin ya ƙi. A gidanmu ba a gini a kan tebur, ba a gini da takalmi. Na dubi hagu na dubi dama, na ce tunda sun ce a taɓa, yau za su ga taɓi. Na tuɓe takalmi, na naɗe hannun rigar sanyi, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa.

Dantani ya rufe fuska da hularsa. Tsohuwar kuwa sai ta kawo jarida ta shimfiɗa mini, ta ajiye kwanon ruwa, sannan ta tuɓe nata takalmin ta zauna kusa da ni tana nishi. Kafin ka ce me, rabin yaran ɗakin sun sauko ƙasa.

Na fara da gindi, na murza yumɓu dogo-dogo ina naɗawa ina shafewa. Ban kira Jummai ba. Ita ce ta zo da kanta ta zauna tsakanin ƙafafuna, yadda take gani ana yi a gida, ta ɗora hannuwanta a kan yumɓun. Na ɗora nawa a kan nata. Muka yi ta juyawa, ciki ya fito, ɗan ƙarami, ya karkace gefe guda don hannunta na dama ya fi ƙarfi. Na tuna da al'adar sarai, amma na ce ba zan matsa wa yarinyar da ba ta magana a gaban baƙi ba. Nan ba Rikoto ba ce, wa zai sani? Na murza yumɓun wuya, na ɗauko zan ɗora.

Sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Mama, ba a kira suna ba."

Muryar ta dushe kamar ta mai mura, amma tata ce. Na ji Ngozi ta ja numfashi a bayana. Na daure na yi kamar ba abin da ya faru, na yi mata tambayar da Inna kan yi.

"To, wa ka shan ruwa cikinta?"

Na ɗauka za ta ce Kaka, ko ni. Ta ɗaga kai ta nemi ubanta, ta faɗa da ƙarfi yadda ake yi, har tsohuwar ta zabura.

"Baba." Sannan ta rage murya. "In na tahi wurin Kaka, shi riƙa sha, kar shi manta da ni."

Dantani ya sauke hular daga fuskarsa. Mutumin da ya yi yaƙi ya dawo ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ya tuɓe takalmi, ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar jarida da kwat ɗinsa ɗaya tilo.

"Wa yac ce miki za ki tahi?"

"Kai kac ce. Na ji ku. Ina jin yaren Kaka."

Ashe duk ranin da take yi a gindin Inna ba tukwane kaɗai take kallo ba. Mun yi ta juya harshe a kanta, ita kuwa tana kwashewa tsaf, ta haɗiye ita kaɗai. Ya tambaye ta ko tana son tafiyar. Ta ce tana son Kaka, amma ba ta son ta bar mu, don in ta tafi ba wanda zai riƙa gaishe mu a garin nan.

"To ba inda za ki," in ji shi. "Ɗora wuyan, in ga abina."

Muka ɗora wuya, mu uku, hannunsa ya fi ɓatawa da gyarawa. Tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga Ngozi na share hawaye, ta tambaye ta, Ngozi ta fassara mata. Sai ta tashi ta tafa hannu, ta gaya wa yaran ɗakin cewa yau akwai sabuwar doka: kowa sai ya faɗi wanda ya yi wa abinsa. Ɗakin ya kaure da sunaye, wannan ya ce kakarsa, wannan ya ce malamarsu, wani yaro ya ce karensa. Jummai ta yi dariya har da faɗuwa a jikina. Wata yarinya mai jan gashi ta matso ta tambaye ta yadda ake shafe gefen, ta nuna mata, tana yi mata bayani da Hausa tsantsa, waccan na gyaɗa kai kamar tana ji.

A bas ɗin komawa ta gaida kwandasta. Ya dube ta, ya taɓa hularsa ya amsa. Shi ke nan, an kunna. Ta ba mu labarin duk abin da ta tara: yaron da ke cin majina a ajinsu, yadda Misis Doti ke magana da kyanwarta, kunun da ta ce na cika wa tsami. Kafin mu sauka Dantani ya raɗa mini cewa ko akwai inda ake rage ƙarar rediyon nan. Na ce masa in ya kuskura ya taɓa, ni da shi ne.

Sajan Manga ya tafi da matarsa su kaɗai. Saƙon baki kawai muka ba shi ya kai wa Inna, cewa jikarta ta gina tukunyarta ta farko, kuma ta kira suna. Bayan mako biyu muka koma gidan tarihin, tsohuwar ta fito da tukunyar daga tanderun lantarki, a naɗe cikin tawul. Ba ta fashe ba. Daga nan Asabar ta zama ranarmu. Jummai ta buga sunanta a injin nan da kanta, ta buga na Kaka, ta buga na Ngozi, har ma'aikaciyar da na tsorata ta saba da mu. Makaranta ba ta gyaru a rana ɗaya ba, sanyi ma bai ragu ba, amma yarinya tana dawowa ta zagi makarantar da sanyin a gabana, ni kuma in taya ta.

Da muka dawo gida na kai wa Inna tukunyar. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce yumɓun Turawa rago ne, wuyan kuma kamar an taka shi, amma ta ƙonu. A wurin Inna wannan babban yabo ne.

Yau Jummai ta yi jikoki, kuma har yanzu ba a kashe rediyon ba. Dantani ya daɗe da ajiye kaki, kwamfutar da ya koyo ma ta zama kayan gidan tarihi. Kullum da hantsi yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a Rikoto, da 'yar karkatacciyar tukunyar nan a gefensa. Saboda bakinta ba daidai yake ba, duk shan da zai yi sai ruwa ya zubo masa a gaban riga. Yara sun saya masa kofuna na tangaran, na ƙarfe, har da mai riƙe sanyi, duk suna cikin kabad. In na yi masa tsiyar jiƙa riga, sai ya goge gemu ya ce, "Ke dai bar ni. Wagga da sunana anka gina ta."